Rijiyar Manzo da Ramin da Na Haƙa Kusa da Ita

Ina da wani hali da ba na alfahari da shi: ba na iya jin mutum yana cikin matsala ban ba shi dabara ba. Ko ba a tambaye ni ba, ko ban san kan abin ba, sai bakina ya yi ta ƙaiƙayi. Sana'ata tukar igiyar kaba ce a kasuwar Gure, aikin da hannu ke yi kai yana zaman banza, kuma kan da ke zaman banza ba ya rasa abin haifa. Yawancin dabaruna ba su kashe kowa ba. Na taɓa koya wa wani yadda zai hana jakinsa kukan asuba, jakin ya ƙara da na azahar, iyakar ɓarnar ke nan.

Yayana Manzo mahaƙin rijiya ne. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, amma shi aka ba ƙarfi da zuciya, ni aka ba ni ragowar. A shekara ta biyu bayan fara ta cinye gero, wasu makiyaya suka roƙe shi ya haƙa musu rijiya a wani kwari da ke kan hanyar Alakos, tafiyar rabin yini daga gari. Ya je ya duba, ya ga ciyawar wurin, ya ɗanɗana ƙasar, ya ce akwai ruwa. Ya kafa bukka, ya fara.

Bayan wata guda ya shigo kasuwa sayen igiya a wurina, ko in ce karɓa, don Manzo bai taɓa ɗaukar igiyata a matsayin kayan sayarwa ba. Sai ga tsoho Aisami, Babarbare, wanda shi ma ya haƙa rijiyoyi kafin gwiwoyinsa su ƙi. Ya zauna kan tabarmata yana tauna goro.

"Manzo, na ji kana shayar da rairayi gumi."

"Ina haƙa, Baba Aisami."

"A kwarin nan? Wurin da ko kunama ba ta fitsari? Kafin damina za ka naɗe igiyarka ka dawo, kamar yadda ka yi a Bune."

Maganar Bune ciwo ce a wurin Manzo, don a can ya taɓa barin wata rijiya, wani ya zo ya ƙara kaɗan ya sami ruwa. Mutane suka fara taruwa, masu dariya suka gyara zama. Manzo ya miƙe, ya rataya igiya a kafaɗa.

"Ku shaida," in ji shi. "Yau zan koma. In na sake taka garin nan alhali akwai ruwa ƙarƙashin ramin nan ban kai gare shi ba, Habsu ta saku, saki uku."

Habsu matarsa ce, ita kaɗai, kuma ba ta kasuwa ran nan balle a tambaye ta. Manzo ya tafi yana ganin ya bar wa kansa ƙofa: in akwai ruwa zai kai gare shi ya dawo da girmansa, in babu kuwa rantsuwar ba ta kama shi ba. Ni ma na yaba da tsarin maganar. Har na ce wa na kusa da ni ashe yayana ya fara koyon wayo.

Sanyi ya wuce, bazara ta kama, rijiya ba ta ba da ko laima ba. A ƙasarmu rairayi ba ya tsayawa da kansa, sai mahaƙi ya riƙa jera itace da ciyawa a jikin ramin yana ɗaurewa, gaba bayan gaba. Saboda haka aikin ba ya sauri. Makiyayan suka gaji suka bi dabbobinsu, sai mutum ɗaya, Ibram, da ya tsaya yana ja masa guga don yana jin kunyar tafiya. Habsu kuwa ta koma kai da kawowa da jakai biyu, ɗaya da tsaba ɗaya da salkunan ruwa.

Wata rana ta tsaya a rumfata, ƙafafunta fari fat da ƙura. Tsakanina da ita akwai wasan ƙanin miji, ba ma raga wa juna.

"Hamidu, ƙaramin miji marar amfani, ka taɓa ganin inda ake kai wa rijiya ruwa?"

"Sai a gidanku."

"Gidanku dai. Ni aure ya kawo ni." Ta zauna, abin da ba ta saba yi ba. Sannan ta ce, "Gona na nan ba a share ba. Jaki ɗaya ya fara ɗingishi. Ka je wurin Malam Ila ka ji mini, in babu ruwan nan, yaushe yayanka zai dawo?"

Malam Ila shi ne limamin unguwarmu, mutum mai taka-tsantsan, wanda ko gishiri zai ce yana da ɗanɗano sai ya ƙara da Allah ne masani. Na maimaita masa rantsuwar kalma bayan kalma.

"In babu ruwa, ya dawo gidansa yau," in ji shi. "Matarsa ce."

"To Alhamdu lillahi. Ai babu."

"Wa ya ce?"

"Wata nawa yana haƙa, Malam."

"Wannan ya nuna bai kai ba. Ni shaida nake so cewa babu. In ya shigo gari a kan zato, ya zamana akwai, to ya kwana da matar da ba tasa ba. Ni ba zan ɗauki wannan ba."

Na je wurin Aisami, tunda shi ya ce kunama ba ta fitsari a wurin, na ce ya zo ya dafa Alƙur'ani ya faɗi haka. Ya dube ni kamar na roƙe shi 'yarsa.

"Ni magana na yi a kasuwa. Wa ke rantsuwa a kan maganar kasuwa?"

A hanyar komawa rumfa dabara ta zo mini, kuma har yau ina tuna daɗin da na ji. Abin da ke jinkirta Manzo faɗin rijiya ne da ɗaurin itace. To in aka haƙa wani siririn rami kusa da tasa, daidai jikin mutum marar nama irina, ba ɗauri sai kaɗan a baki, ai zai yi sauri ninki uku. Ƙasa ɗaya ce, abin da babba za ta tarar ƙarama za ta riga ta gani. Ramin nawa zai zama ɗan aike, ya yi gaba ya leƙo, ya dawo mana da labari. Kamar mai dafa wake ne, ba ya cinye tukunya don ya san ko ya nuna, ƙwaya ɗaya yake latsawa.

Na faɗa wa Habsu. Ta ce, "Wa zai shiga ramin?"

Ban yi tunanin wannan ba. Na duba hagu da dama, babu wani siriri a rumfar sai ni.

Manzo bai yi murna da ganina ba. Ya rame, gemunsa ya cika da ƙasa, idanunsa sun saba da duhu har yana kanne su in ya fito. Ya saurari dabarar har ƙarshe.

"Ka taɓa riƙe dagi?"

"Na taɓa sayar wa masu dagi igiya."

"Rairayi ba kaba ba ne, Hamidu. Ba a yi masa wayo."

"Yaya, ba rijiya zan haƙa ba. Tambaya zan yi."

Ya tofar da yawu, ya nuna mini wuri taki kaɗan daga tasa, ya ce in ban sa itace a baki ba zai karya ni kafin ƙasa ta yi. Habsu ta ce ita za ta ja mini guga, don ta ce ta daɗe tana neman ranar da za ta gan ni a ƙasa tana sama.

Gaskiya dabarar ta yi aiki, kuma wannan shi ne mugun abin. Ramin ya yi ta nutsewa. Ina durƙushe ina sara da guntun dagi, in cika ƙwarya in juye a guga, in girgiza igiya. Hannuwana suka fashe suka warke suka sake fashewa. Sama ta koma kamar bakin tulu. Daga can muryar Habsu ke gangarowa.

"Mai dabara! Ka ga kifi?"

"Ja guga, kin cika surutu."

"In ka sami ruwa ka fara wanka, don Allah. Warinka ya riga gugan fitowa."

Kafin wata ya mutu na kamo zurfin Manzo. Mun san haka don mun gwada igiyoyinmu a kan rairayi. Bayan mako biyu na wuce shi da gaba huɗu ko biyar. Ran nan da la'asar muka zauna a inuwar bukka muna shan fura mai ruwa-ruwa, ina jin kaina kamar wanda ya dawo daga Makka.

"To?" in ji Manzo.

"Babu. Rairayi ja, sai fari, sai wani mai tsakuwa. Busasshe kamar garin sabara."

"Babu, ko ba ka kai ba?"

Ibram ya sunkuyar da kai yana wasa da ludayi.

"Zan ƙara," na ce.

Na ƙara. Na tuka sabuwar igiya na ɗaura a kan tsohuwa. Na kai inda fitilar mai ke yin ja tana neman mutuwa, inda in ka yi sara goma sai ka jingina ka nemi numfashi. Sannan na hau jaki na tafi gari wurin Malam Ila, na shimfiɗa masa igiyata a ƙofar masallaci, ta wuce zauren maƙwabcinsa ta kai bakin turken awaki.

"Ka gani, Malam. Duk Gure babu rijiya mai wannan zurfi."

"Na gani. Za ka dafa Alƙur'ani ka ce babu ruwa?"

"Zan dafa in ce babu shi har inda na tsaya."

"Ƙasan inda ka tsaya fa?"

"Ban je ba."

"To ka je."

"In na je, Malam, ai zai sake yin wani ƙasan."

"Haka ne," in ji shi, da tausayi ƙwarai, ya shiga alwala.

Aisami yana nan zaune a dakali yana jinmu. Na tambaye shi ko akwai zurfin da in mutum ya kai, duk mahaƙa sun yarda babu ruwa. Ya ce a arewa ya ga rijiyar da raƙumi ke jan gugarta, sai raƙumin ya yi nisa har ya koma kamar akuya kafin guga ta fito. Ya ce kuma an ba shi labarin wadda ta fi wannan. Na ce to ina iyaka? Ya ce iyaka ita ce inda mahaƙi ya gaji, kuma gajiya ba shaida ba ce.

A kan jaki, ina komawa cikin rana, na fahimci abin da na ƙera. Ɗan aiken nawa kalma ɗaya ya iya. In ya tarar da ruwa zai ce akwai, magana ta ƙare. In bai tarar ba, ba zai taɓa cewa babu ba, sai dai ya ce tukuna. Gobe ma tukuna, baɗi ma tukuna. Mai dafa wake yana latsa ƙwaya ɗaya ne don ya san wake yana nuna wata rana. Ni kuwa ban san ko abin da ke cikin tukunyar wake ne ko tsakuwa ba. Da ramin Manzo da nawa tambaya ɗaya suke yi, bambancin kawai nawa ya fi saurin rashin samun amsa.

Na faɗa wa Habsu haka, ina tsammanin za ta yaba da zurfin tunanina.

"Wato da mahaukaci ɗaya nake ciyarwa, yanzu biyu."

"Ba haka ba ne. Ki duba, in na ƙara..."

"Ka samo gafiya ta haƙa na uku kusa da naka, ta fi ka siranta. Sai ta gaya mana ko naka zai ƙare. In ta makale a samo tururuwa." Ba ta yi dariya ba. Ta juya tana gyara wa jaki akumari, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ka ce ka tarar da dutse mana. Ka ce falalen dutse ne, dagi ba ya cinsa. Wa zai sauka ya duba?"

"Ko dutse ne, Malam zai ce ƙasan dutsen fa."

"To ka ce ka leƙa."

"Da Alƙur'ani a hannu, Habsu?"

"A'a," in ji ta. "Kai ma ba ka da wannan ƙarfin."

Ya kamata in tsaya a nan, in koma rumfata. Amma wanda ya haƙa gaba da yawa ba ya son a ce ruwan yana taki ɗaya ƙasa da inda ya bari. Ciwon Bune da nake yi wa Manzo dariya a kansa ya kama ni ni ma. Kowace safiya sai in ce yau kaɗai. Na sauka, na ci gaba da tambayar da na riga na san ba ta da amsar da muke so.

Iskar farkon damina ta fara kaɗawa. Wata rana da hantsi, Ibram ya tafi ɗebo ruwa da jaki ɗaya, ina ƙasa, sai na ji rairayi yana zubo mini a wuya kamar ana sheƙa gero. Na ɗaga kai. Gefen ramin, inda ban sa itace ba don ina sauri, ya saki. Ya danne ni har ƙirji, ƙafata ta dama ta lanƙwashe a kan dagi, na ji ta yi ƙara.

Habsu ce ta yi ta kururuwa a bakin rijiyar Manzo har ya hauro da igiya shi kaɗai. Ya ɗaura igiyar a gwafar da ke bakin ramin ya sauko kaina a ramin da bai ishi kafaɗunsa ba. Da hannu ya tone ni, yana zagina da sunayen da tun muna yara ban ji su ba. Da aka fito da ni ƙashi ya huda fata, jini ya ƙi tsayawa.

Suka ɗora ni a kan jaki mai ɗingishi. Habsu ta ce wa Manzo, "Kai tsaya, ni zan kai shi." Ta gwada, na zame na faɗi tun ba mu bar kwarin ba. Sai Manzo ya riƙe ni ta baya, ita tana jan jaki, muka bi hanya cikin rana tsaka.

A kan tudun ƙarshe, inda ake hango dangogin Gure, Habsu ta tsayar da jaki.

"Iyakarka nan," ta ce wa mijinta. "Bari in ruga in kira mutane."

Ta ruga. Lokacin kowa na gona ana shara, gidajen bakin gari babu kowa sai tsofaffi. Muna hango ta tana shiga wannan zaure tana fita wancan. Jaki ya durƙushe ya ƙi tashi. An ce wai na ce, "Yaya, ajiye ni nan, kada ka shiga." Ina so in yarda na faɗi haka. Abin da nake tunawa na faɗa shi ne wayyo.

Manzo ya dubi ƙafata, ya dubi garin. Ya saɓa ni a kafaɗa kamar buhun gishirin mangul, ya gangara. Habsu ta fito daga wani lungu da tsoho ɗaya a bayanta, ta gan shi a tsakiyar hanya tsakanin dangogi, ta tsaya cik. Bai dube ta ba. Ya wuce da ni gidan maɗori.

Ƙafar ta ɗoru, ko da yake ta fi 'yar'uwarta gajarta. Ina kwance aka kira Malam Ila, ya zauna a bakin ƙofa, Manzo na tsugune, Habsu na bayan zana tana ji.

"Ya taka gari," in ji Malam. "Lalura ce, Allah Ya ba shi lada, amma lafazin bai ware lalura ba. In akwai ruwa ƙarƙashin ramin nan, ta saku tun ranar. In babu, matarsa ce. Kafin a sani, kowa ya zauna nesa da kowa."

"Yaya za a sani?" in ji Habsu daga bayan zana.

Malam ya dube ni, kamar ni ne masanin wannan fanni. Kuma ni ne, abin takaici.

"Sai an haƙa," na ce.

Manzo ne ya fara gane inda maganar ta juya. Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Da in na sami ruwa, na sami matata. Yanzu in na sami ruwa, na tabbatar na rasa ta. In ban samu ba kuma, tukuna."

Na nemi dabara a kaina, karo na farko a rayuwata ban tarar da ko ɗaya ba.

Duk da haka Manzo ya koma kwarin. Ibram ya ce mini yakan sauka da safe ya yi sara kaɗan, ya tsaya ya shafa ƙasar da tafin hannu, in ya ji ta bushe ya ce Alhamdu lillahi. Mahaƙin rijiya ke nan. Ibram ya ce wata rana ya tambaye shi me yake nema a ƙasan, Manzo ya ce shi ma bai sani ba, amma a sama babu inda zai zauna. Da ruwan sama ya sauka sosai, kwarin ya cika ya yi tafki na 'yan kwanaki. Da ya janye, ramukan biyu sun rufta, sai ɗan kwarmi da kan itace ɗaya a waje. Da shekara ta zagayo ko itacen babu.

Habsu ta koma gidan ubanta a Kelle tun kafin girbi. Manzo yana kwana a zaurena yanzu, yana taya ni tsaga kaba. Ba ya haƙa wa kowa rijiya. Duk rani in zafi ya hana mu barci da rana, sai mu ɗauko maganar. Ni in ce launin tsakuwar da na gani a ƙarshe ba na wurin ruwa ba ne, shi ya ce a Bune ma haka ta yi. Wani lokaci mu canza, ni in ce akwai, shi ya ce babu. Bara har na kawo shawarar a haƙa rami a karkace daga gefe, ya jefe ni da takalmi. Malam Ila ya ce ya aika wa wani malami a Kano da tambayar ta hannun fatake, ana jiran amsa.

Habsu kuwa, a ranin da ya biyo baya, ta bi ayari zuwa Damagaram ta kai ƙara cewa ba ci ba sha ba miji. Alƙali ya raba auren kafin azahar, bai tambayi zurfin rijiyar ba. Tana auren wani majemi, 'ya'yansu biyu.